Matar da Take Zare Waya Ranar Laraba

Kun gan ta. Kada wani ya ce bai gan ta ba. Duk wanda ya taɓa zama a bencin babban asibitin nan yana jiran a kira lambarsa ya ga wata mata gajeriya, tabarau rataye a wuya, tarin makullai da tocila a hannu, ta ratsa ta gabansa ta gangara matakalar da ke bayan ɗakin magani. Wasu sun ɗauka mai shara ce. Wani ma ya taɓa miƙa mata robar ruwan da ya shanye, ya ce ta jefa masa a kwando. Ta karɓa ta jefa. Kun ɗauke kai kun mayar da ido kan wayoyinku, alhali a daidai wannan lokacin sunanku, da rukunin jininku, da sakamakon gwajin da aka yi wa mahaifiyarku, duk suna hannunta. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma tun ba ta gama kwashe kayanta daga teburi ba an fara shirin rushe abin da ta gina.

Ma'aikata suna kiranta Mai Madubi. Da tsokana aka fara, sunan ya bi ta.

A ƙarƙashin ginin akwai wani ɗaki marar taga, sanyi kamar cikin firiji, inda manyan na'urori biyu suke tsaye kafaɗa da kafaɗa suna gurnani dare da rana. Su ke riƙe da bayanan kowane majiyyaci: wa aka kwantar, me aka ba shi, me jikinsa ba ya so. Idan ɗaya ta tsaya, ɗayar ta ɗauki aikin ba tare da kowa ya sani ba. Manya sun gamsu da wannan, har suna kawo baƙi su nuna musu. Ita ba ta gamsu ba. Abin da take faɗa bai fi jimla ɗaya ba: na'urorin biyu ne, amma rufin da ke kansu ɗaya ne. Shekara huɗu ta yi tana rubuta takarda ana sawa a durowa, kafin aka gaji da ita aka sayo ta uku, aka ba ta wani ɗan ɗaki a bayan ƙaramin asibitin reshe, kilomita arba'in daga nan, a hayin kogi. Duk abin da aka rubuta a nan, cikin daƙiƙoƙi ya bi waya ya je can an rubuta irinsa. Madubin ke nan.

Ƙarfe bakwai na safe take sauka ɗakin ƙasa. Kafin ta kalli kowane allo sai ta zagaya bayan na'urorin ta sa bayan hannu ta ji zafin iskar da suke fitarwa, kamar uwa tana taɓa goshin jariri. Ta leƙa bokitin da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga a ciki, ta haska batura da tocila ko akwai wanda ya kumbura, ta ɗaga kai ta kalli bututun ruwan da ya ratsa silin, wanda ta kai ƙararsa har ta rasa sau nawa. Ranar Alhamis kuma direban asibiti ya kai ta ɗakin hayi, ta share ƙura, ta gwada janareta, ta dawo da yamma ƙafa a kumbure. Mijinta, tela ne da ido ya fara gajiya ya bar wa 'ya'ya shago, shi ke tarar ta a bakin ƙofa.

“Injiniya, ni ma a yi kwafina a kai hayin nan mana,” in ji shi, “ko na samu a riƙa zuwa duba ni duk mako ana share mini ƙura.”

“Malam, kai ɗaya ma ya na ƙare da kai, balle a yi biyu?”

Amma ba don wannan aka san ta ba. Laraba ce ta ja mata baƙin jini.

Kwafin da ke hayi a kulle yake. Ba ya buɗuwa a leƙa cikinsa sai ranar da aka danƙa masa aikin gaba ɗaya. Saboda haka duk Larabar farko ta wata, ƙarfe biyu saura, sai ta hau ɗakin kati ta tsaya a kan magatakarda.

“Ɗan'uwa, wa ka rubuta na ƙarshe?”

“Anti, yau ma kashe mu za ki yi?”

“Minti uku ne. Sha ruwa ka miƙe ƙafa.”

Sai ya karanta mata lambar katin, ta rubuta a tafin hannunta da biro. Ta sauka ƙasa, ta jira ƙarfe biyu daidai, lokacin da ake canjin aiki a ɗakunan jinya, ta sa hannu ta zare wayar da ta haɗa tagwayen na'urorin da sauran asibitin. Da gangan. Allunan kwamfuta su daskare daga ɗakin magani har ɗakin gwaji. Minti uku, wani lokaci huɗu, sai na'urar hayi ta farga ta karɓi aiki, komai ya dawo. Sannan ta buɗe tafin hannu ta nemi lambar nan. In ta same ta, madubi yana gani. Ta mayar da waya, ta wanke hannu, sai wani watan.

Minti huɗu a wata. Wannan shi ne laifinta, kuma a kansa aka yi mata taron dangi. Wani babban likita da allo ya daskare masa a gaban baƙo ya kai ƙara, sabon shugaban asibiti ya sa aka kira ta.

“Hajiya, fitilar nan da ke teburinki, wace kala take nunawa?”

“Kore, ranka ya daɗe.”

“Kore me take nufi?”

“Tana nufin na'urar nan da ta can suna gaisawa.”

“To me kuma kike nema?”

“Ranka ya daɗe, gaisuwa daban, miƙa kaya daban. Fitilar ba ta san ko kayan sun isa ba.”

“Ni dai ban taɓa jin inda aka kashe abu mai lafiya don a ga ko na ajiya yana aiki ba.”

“Ai ranar da mai lafiyar zai mutu da kansa ba zai zaɓi ƙarfe biyu na Laraba ba, ranka ya daɗe.”

Ya sha mur, ya ce ya lura tana da baki. Kafin a tashi aiki umarni ya sauko a rubuce, da sa hannu da hatimi: daga yau an hana zare waya.

Ku dubi wannan da kyau, domin a nan cutarmu take. Mutum ya yi karatu, ya iya sa hannu, an ba shi kujera mai juyawa, amma ya fi yarda da ƙwan fitila ɗan mitsitsi a kan matar da ta yi shekara ashirin tana kwana tana tashi da abin. Ba mugunta ba ce. Da mugunta ce da da sauƙi, sai a san da wa ake faɗa. Son jiki ne, da ƙin a dame mu, da wannan mugun hali namu na cewa tunda jiya ba abin da ya faru, gobe ma haka.

Wata biyu ta bi umarni. Larabar farko ta zo, ta zauna a ɗakin ƙasa tana kallon agogo, hannunta yana mata ƙaiƙayi. Ta biyu ta zo ta wuce haka. A gida ta zama ba a gane mata. Ana mata magana tana kallon bango, ta ɗora tukunya ta manta ba ta kunna wuta ba.

“Injiniya, gangar jikin ce kawai a nan,” in ji mijin. “In zare wayar nan ce maganinki, je ki zare mu huta. In sun kore ki, ga keken ɗinki nan, ni na koya miki.”

Larabar wata na uku, tun da hantsi ta bi ɗakunan jinya ɗaya bayan ɗaya tana sanar da manyan nas cewa ƙarfe biyu allo zai tsaya, kowa ya shirya. Babbar nas ta ɗakin yara, wadda suka fara aiki tare a shekara ɗaya, ta riƙo mata hannun riga.

“Yaya, ba an hana ba? Wallahi za su ci miki mutunci, ga ritaya ta kusa.”

“Na sani. Ke dai ki rubuta magungunan ƙarfe biyu a takarda tun yanzu.”

Ta karɓi lamba a ɗakin kati. Magatakarda bai ma yi tsokanar ba ranar, kallonta kawai yake. Ƙarfe biyu ta zare. Na'urar hayi ta karɓa lafiya lau, cikin minti uku. Ta buɗe tafin hannu ta buga lambar. Babu. Ta goge tabarau ta sake bugawa a hankali, lamba bayan lamba. Babu. Ta nemi mutumin ƙarshe da madubin ya sani, sai ga wani da aka rubuta wata ranar Asabar, kwana arba'in da shida da suka wuce. Daga nan shiru. Duk wanda aka haifa, duk wanda aka yi wa aiki, duk wanda aka canja wa magani a cikin kwanakin nan, na'urar hayi ba ta san da zamansa ba. Fitilar teburinta kuwa kore shar.

Ta mayar da waya, ta zauna ta bi sawu. Ba a daɗe ba ta gano. A waccan Asabar ɗin 'yan kwangila sun zo sun haɗa sabuwar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ba wanda ya ga dacewar a sanar da ita. Don aikinsu ya yi sauri suka dakatar da kwafi, da niyyar in sun gama su mayar. Suka gama, aka yi musu godiya, suka tattara kayansu suka tafi ba su mayar ba.

Kafin ƙarfe huɗu masinja ya sauko da wasiƙa a ambulan, yana sunkuyar da kai. Takardar tuhuma ce: ta yi bayani cikin sa'a ashirin da huɗu dalilin da ya sa ba za a hukunta ta ba. Ta karanta, ta ninke, ta tura ƙarƙashin allon rubutu. Ba ta da lokacinta. Ta riga ta sake kunna kwafin, saura cike giɓin da aka bari. Bayanan kwana arba'in da shida, ga kuma manyan hotunan sabuwar na'ura, in aka ce siririyar wayar hayi ce za ta kwashe su, sai an yi makonni. Saboda haka ta yi Alhamis da Juma'a tana juye su a faifai, ranar Asabar ta naɗe faifan a tawul ta rungume a cinya, ta shiga gaban mota.

“A hankali da ramukan nan.”

“Haba Anti, ko mai naƙuda ban taɓa lallaɓawa haka ba.”

“Ai wannan masu naƙuda ɗari uku ne a cinyata. Rage gudu.”

Direban ne ya ba da wannan labarin, kuma ya ce tafiyar minti hamsin sai da suka yi sa'a biyu. Ya ce da suka isa ta durƙusa a gaban na'urar, gwiwa a kan siminti, ba ta tashi ba sai da ta ga lambar ranar Laraba ta fito a jerin abin da faifan ke juyewa. Sannan ta ce masa ya miƙo mata hannu, don ƙafar ta ƙi.

Kwana goma sha tara bayan wannan Larabar, ranar Litinin ƙarfe sha ɗaya na safe, asibiti cike maƙil, bututun silin ya fashe. Ba ɗiga ba, ambaliya. Tana ɗakin gwaji aka kira ta. Kafin ta kai matakala ruwa ya rufe matakai biyu na ƙasa. Ta kashe wutar ɗakin daga sama, ta tattare zani ta shiga da tocila, ruwa har ƙauri. Tagwayen na'urorin da ake nuna wa baƙi suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ruwa na zuba ta cikinsu. Tare suka mutu, a minti ɗaya.

A sama allo ya daskare. Magatakarda ya ɗaga murya ya ce, “Yau Litinin ce fa, Anti ta ruɗe ne?” Mutane suka yi tsaki, wasu suka yi dariya. Bayan minti shida komai ya dawo, aka ci gaba da kiran lamba. Yawancin waɗanda suke kan benci ranar har yau ba su san an yi wani abu ba.

Amma babbar nas ta ɗakin yara ta sani. A cikin waɗannan mintunan aka shigo da wata yarinya 'yar shekara biyar, jiki zafi rau, numfashi sama-sama. Kawunta ne ya kawo ta, uwar tana wajen aiki, wayarta ba ta shiga. An tambaye shi ko akwai maganin da jikinta ba ya karɓa, ya ce shi dai bai sani ba, katinta kawai aka ba shi. Likita ya faɗi allurar da aka saba yi wa irin wannan ciwon, nas ta zuƙe ta a sirinji. Ta ce har ta goge wa yarinyar hannu sai allo ya farfaɗo, ta ce bari dai ta buga lambar. Jan rubutu ya fito a saman shafin: kada a yi mata wannan allurar, an taɓa yi, maƙogwaronta ya kumbura, da ƙyar aka ceto ta. Nas ta duba kwanan wata. Mako biyar da suka wuce aka rubuta gargaɗin, wato a tsakiyar kwanakin nan arba'in da shida. A cikin tawul ya haye kogi.

Ta ajiye sirinjin, aka canja magani. Da ta samu sarari ta sauka har bakin matakala, ta tarar da Mai Madubi zaune a kan mataki tana matse bakin zani.

“Yaya,” ta ce.

“Lafiya? Allon bai dawo ba ne?”

“Ya dawo.”

“To mene ne? Samo mini silifa, takalmina ya tafi.”

Yarinyar tana makaranta yanzu. Uwarta ba ta san sunan matar nan ba, ko a hanya suka haɗu ba za ta gane ta ba.

Mai Madubi, ke ce kika zaɓi a zage ki sau ɗaya a wata a kan a yi kuka sau ɗaya a shekara. Ke ce kika ƙi yarda da abin da ba ki gwada ba, ko da hatimi a kansa. Mai gadin abin da ido ba ya gani. Aikinki irin wanda in an yi shi daidai ba wanda zai san an yi ne, kin kuwa yi shi daidai har muka manta da ke. Mun gode, kuma mun makara da godiyar. Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya bar ki da Malam ku yi ta faɗanku.

To me aka yi mata? Mujallar asibiti ta fito da hoton shugabanni a shafin farko, ana yaba hangen nesansu da ya sa ambaliya ba ta tsayar da aiki ba. Ba sunanta ko a ƙasan shafi. Takardar tuhumar nan tana cikin fayil ɗinta har yanzu da nake wannan rubutu, ba wanda ya janye ta. Umarnin hana zare waya ma yana nan daram. Tun daga ranar dai tana zarewa, ana kawar da kai, amma ita ake jin nauyi, ba aikin ba. Mataimakinta ya iya komai, ita ta koya masa, sai dai magidanci ne mai 'ya'ya uku, kuma ya ga abin da aka yi wa wadda ta fi shi shekaru. Ya faɗa mata gaskiya: in ba a ba shi izini a rubuce ba, hannunsa ba zai taɓa wayar nan ba. Wa zai ga laifinsa?

Wannan duk da sauƙi. Kwamitin gyara ya kawo shawara cewa tunda an sayo sababbin na'urori an kai su hawa na uku, a ɗauko ta hayi ma a haɗa su wuri ɗaya. Wai tafiyar ta yi nisa, wai asibitin reshe yana son ɗakin ya zuba katifu. Makon jiya shugaban kwamitin, wanda kuma shi ke shirya mata walimar bankwana, ya tare ta a baranda yana fara'a.

“Hajiya, me kike so a ba ki? Agogon bango ko firiji?”

“A bar na'urar hayi inda take.”

“Kai Hajiya, har yanzu? Hawa na uku fa muka ce. Ruwa yana hawa bene ne?”

“Wuta tana hawa, ranka ya daɗe.”

Ya yi dariya, ya ce da na kusa da shi matar nan akwai barkwanci, ya rubuta firiji.

Ba barkwanci take ba. In aka ɗauko na'urar nan, kwafi uku za su koma ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma duk abin da ya sami ginin ya same su gaba ɗaya. Bayanan da ke ciki ba na kwamiti ba ne. Na ɗanka ne, na matarka, na tsohon da kake kaiwa wankin ƙoda duk mako. Masu aiki irin nata a wasu ma'aikatun, ku ɗauki halinta: ku gwada abin ajiyarku tun ana zaune lafiya, ko za a harare ku. Sauranmu kuma, tafa hannu a wajen walima ba zai tsare mata komai ba.

Hukumar gudanarwar asibitin za ta zauna ranar Alhamis mai zuwa, ƙarfe goma na safe, a babban zauren taro, kuma a ranar za a yanke hukunci kan shawarar kwamiti. Zaman a buɗe yake ga jama'a, kujerun baya ne kullum ba kowa a kai. Ku je ku cika su. Ku zo da katinku na asibiti a hannu, in an ba da dama ku miƙe ku ce na'urar hayi ta zauna a hayi, a ba mataimakinta izinin gwaji a rubuce, a kuma cire takardar nan daga fayil ɗinta kafin ta fita ƙofa. In aka ce za a duba, kada ku koma ku zauna. Ku tsaya a tsaye har sai an rubuta amsar a gabanku.